Daga Falgore Zuwa Dagona: Dajin da Ba Ya Cikin Lissafin Gwamnati

Duk lokacin da maganar gandun daji ta taso wajen rabon kasafin kuɗi, tambaya ɗaya ce take kashe bakin masu kare shi: nawa ya kawo bara? Sai a buɗe littafin rasit na bakin ƙofa, a ƙirga 'yan kuɗin da ɗaliban makaranta da masu yawon buɗe ido suka biya, a gwama su da albashin ma'aikata da kuɗin man mota, a ga ko kusa ba su kai ba. Daga nan hukunci ya fito: daji ne kawai yake zaune yana cin kuɗin gwamnati, gara a yanka shi gonaki ko a miƙa wa mai zuba jari. Ni a ganina ma'aunin ne ba daidai ba. Kuɗin ƙofa shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da keɓaɓɓen daji ke samarwa. Babban aikinsa yana can cikin ruwan da muke sha, da kifin da muke ci, da rijiyar da manomin rani ke ja, kuma babu ofishin da ke yanka wa waɗannan rasit.

Ba sai mun tafi nesa neman misali ba. Kogi ɗaya ya isa, wanda ya ratsa jihohin Kano da Jigawa da Yobe, kuma keɓaɓɓun wurare suna tsaye a kansa da kuma wutsiyarsa.

A can sama, kan hanyar Kano zuwa Jos, akwai dajin Falgore, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, ya shafi ƙananan hukumomin Doguwa da Tudun Wada da Sumaila. Kogin Kano ta cikinsa yake bi kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, aka gina ta don ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga Tiga ruwan ke gangarowa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, daga shi kuma matatar Tamburawa ke ɗiba ta tura wa birnin Kano. Aikin Falgore a nan a fili yake ga duk wanda ya taɓa ganin saukar ruwan watan Agusta a kan fako. Inda akwai itatuwa da ciyawa da ruɓaɓɓen ganye, ruwan sama yakan tsaya ya nutse, ya riƙa tsattsafowa cikin rafuka sannu a hankali har bayan ɗaukewar damina. Inda aka share, ruwan yakan kwaso ƙasa da yashi ya yi gaba da su a guje. Wannan yashin ba ya ɓacewa. Yana kwantawa a gindin madatsa, shekara bayan shekara, yana cinye gurbin da aka kashe dukiyar jama'a aka gina don ajiye ruwa. Ruwan da ya iso matata da jan laka kuma sai an ƙara masa alif da sauran magunguna kafin ya shawu, kuma da kuɗi ake sayen su. Wato duk marken da aka sare a Falgore aka ƙona gawayi, mai buhun ya karɓi kuɗinsa a bakin titi, amma ragowar bashin hukumar ruwa da manomin shinkafa na Kura ne za su biya, ba tare da sun san daga inda ya fito ba.

A can ƙasa kuma, bayan Kogin Kano ya haɗu da na Challawa sun zama Kogin Hadeja, ruwan yakan isa wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsoffin tuddan rairayi, inda ya rarrabu gida-gida: Kafin Hausa, Burum Gana, Marma da ke zuba a tafkin Nguru. Ta kudu Kogin Jama'are ya shigo daga ƙasar Bauchi. Wannan shi ne dausayin Hadeja-Nguru. A cikinsa ne tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. Baturiya da tafkin Dagona suka biyo baya a 2008. Dagona na cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, Baturiya kuwa tana cikin wurare 10 da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a ɗaga su zuwa gandun daji na ƙasa, tare da Falgore ɗin kanta.

Mutanen birni idan sun ji sunan wurin, tsuntsaye suke tunawa, da yake agwagin ruwa na barin sanyin Turai su zo su yi hunturu a nan tare da ɗinya da kirinjijiya da zalɓe, har Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989. Amma wanda ya zauna a Guri ko Kirikasamma ko Jakusko ya san fili ɗaya a dausayin nan sau nawa yake ciyarwa a shekara. Ruwa ya fara malala a Yuli, ya kai ƙarshen cikarsa tsakanin Agusta da Satumba. Kifi ya biyo shi cikin ciyayi ya yi ƙwai, shinkafar fadama tana tashi tare da ruwan. Da kaka ta yi, ruwa ya fara janyewa, masunta su kafa gura da kalli a mashigai, tarwaɗa da karfasa da bargi da kurungu su cika kwanduna, hayaƙin banda ya turnuƙe ƙauyuka, a ɗaure kwalaye sai kasuwar Hadeja, daga can sai kudu. Manomi kuma yana bin sawun ruwan da sandar shuka a hannu, yana jefa wake a danshin da ya bari, ba taki ba ban ruwa, domin lakar da ambaliya ta kwantar ta ishe shi. Ya kwashe, makiyayi ya iso da shanunsa daga tudu, su ci harawa da ɗanyar ciyawa a lokacin da ko'ina ya bushe ƙurmus, su bar masa kashi a gona. A gefe mata na yankan kaba suna saƙa tabarma da faifai da igiya, yara na tsintar goruba da aduwa, ana kankarar kanwa, ana sassabo itacen girki. Fiye da mutum miliyan ɗaya ke rayuwa a kan wannan juyi. Kaɗan ne daga cikin abin da suke samu yake bi ta hannun mai karɓar haraji, shi ya sa a takarda wurin yake zama kamar ruwa ne kawai ke ɓarna a cikin daji.

Da wannan fahimtar aka gina Tiga, da ita aka gina madatsar Challawa da aka gama a 1992. Su biyun suna riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga Kogin Hadeja. Filin da ambaliya ke rufewa, wanda a shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1970 yake kaiwa hekta 250,000 zuwa 300,000, ya dawo tsakanin 70,000 da 100,000. Fari na shekarun 1970 da 1980 yana da nasa kason a wannan, amma madatsun ne suka mai da abin na dindindin.

Abin da ya sa na zaɓi wannan kogi shi ne an riga an yi masa lissafi, kuma lissafin ya yi suna a duniya fiye da yadda ya yi a gida. A farkon shekarun 1990, masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa William Adams da Kevin Kimmage suka auna abu uku kacal daga cikin amfanin dausayin: noma, kamun kifi da itacen girki. Suka tattara ribar shekaru masu zuwa suka mai da ita kuɗin hannu a farashin 1989 zuwa 1990. Kowace hekta ta dausayi ta ba da dala 34 zuwa 51. Kowace hekta ta aikin noman rani na Kogin Kano ta ba da dala 20 zuwa 31. Tazarar ba ta da yawa idan da ƙasa ake aunawa. Amma a yankinmu ba ƙasa ce ta yi ƙaranci ba, ruwa ne. Da suka auna da ruwa, sai ya zama kowace lita miliyan ɗaya da ta malala a dausayi tana haifar da dala 9.6 zuwa 14.5, alhali irin wannan ruwan a aikin noman rani na sama santi 3 zuwa 4 yake bari bayan an cire ɗawainiya. Ninkin ya haura 200. Kuma ba su sa kiwo a ciki ba, ba su sa kaba da kanwa ba, ba su sa ruwan ƙarƙashin ƙasa ba, balle tsuntsaye.

A 1998 Barbier da masanin ruwa Julian Thompson suka sake dubawa ta wata fuska: idan aka aiwatar da manyan ayyukan ban ruwa da aka tsara a sama, ribar da za a samu za ta maye gurbin asarar da za a yi a ƙasa? Amsar ita ce, a mafi kyawun hali, kusan kashi 17 cikin ɗari na asarar kawai za ta rufe. Sun kuma nuna cewa hanyar rage ɓarnar ita ce a riƙa sakin ruwa daga madatsun da gangan a lokacin damina, yadda zai yi kama da ambaliyar asali.

Dole a yi adalci a nan. Alƙaluman nan sun haura shekara 30, farashi ya canza, noman Kura da Kadawa ya bunƙasa, an yi wa magudanan gyara, kuma duk wanda ya ga tirelolin shinkafa da kwandunan tumatir da ke fita daga yankin ya san dubban gidaje ne ke ci daga Tiga. Birnin Kano ma ba zai rayu ba tare da ita ba. Babu mai hankalin da zai ce a rushe madatsa. Haka kuma lissafin na dausayin ne gaba ɗaya, ba na Baturiya ko Dagona su kaɗai ba. Sai dai keɓaɓɓun wuraren su ne inda ruwa ke daɗewa, inda iyayen kifi ke tsira daga raga, inda itatuwa suka rage a tsaye. Daga nan sauran filin ke samun iri. Abin da alƙaluman suka tabbatar, wanda tsufa bai taɓa shi ba, shi ne ruwan da ya wuce Wudil ya nufi gabas ba asara ba ne. Dukiyar wasu ce, kuma idan aka tare ta an ɗauke daga aljihun mutumin Gashuwa ne an sa a na wani, ko da ba a rubuta hakan a ko'ina ba.

Akwai kuma amfanin da ido ba ya gani sam. Ruwan da ya kwanta wata biyu ko uku a fadama yana nutsewa ya cika ƙoramun ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa manomin rani a gefen dausayi zai kafa bututu 'yan mitoci kaɗan, ya ɗaura ƙaramin inji, ruwa ya fito ya shayar da tattasai da albasa da alkama. Duk shirin Fadama da Bankin Duniya ya fara tallafawa a farkon shekarun 1990 a kan wannan ruwa na kusa ya dogara. Barbier da mai bincike Gayatri Acharya sun bi wannan sawu, suka nuna yadda saukar ruwan ƙasa da mita ɗaya kawai ke zama asarar kuɗi ga manoman rani da kuma gidajen da ke ɗiba a rijiya. Manomi bai buƙatar takarda kafin ya gane haka. Ruwa ya yi ƙasa, inji ya ƙara shan mai. Ya ƙara yin ƙasa, sai an haƙa rami an saukar da injin ciki. Ya wuce nan, ƙaramin inji ya gaza, sai mai halin haƙa burtsatse, talaka kuma ya koma ɗan ƙwadago a gonar da dā tasa ce. Ga mai gida kuwa, jarkar mai ruwa ce ke ƙara kuɗi, ko 'yarsa ta ƙara nisan tafiya da guga.

Sannan ga kachala. Kafin madatsu, kogin yakan bushe da rani, duk ciyawar ruwa ta mutu. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda bukatar noman rani da ta birni, sai wannan doguwar ciyawa ta samu wurin zama. Ta toshe mashigai, laka ta taru a gindinta, ruwa ya rasa hanyarsa ta dā ya karkata ta Marma, ya kwanta a kan gonakin da a dā ake nomawa, yayin da wasu garuruwan na ƙasa ke jiran ruwan da ba zai iso ba. Kwalekwale ba ya ratsa ta, raga ba ta shiga. A cikinta janbaki ke kwana, da asuba ya tashi kamar hadari ya sauka a kan shinkafa da gero, yara su wuni a gona suna kaɗa gwangwani maimakon zaman aji. Yau gwamnatoci na kashe maƙudan kuɗi wajen yasar kogi da yankan kachala da feshin tsuntsaye, mutanen ƙauyuka na fita aikin gayya da lauje cikin ruwa har ƙirji. Wannan duka aikin da bushewar rani da ƙarfin ambaliya suke yi ne a dā ba tare da an biya ko kwabo ba. Idan ana neman farashin hidimar da dausayi mai lafiya ke yi, to ga shi nan a rubuce cikin takardun kwangila.

Na san abin da za a ce, kuma maganar tana da nauyi. Za a ce dazuzzukan da aka keɓe su ne suka zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. Falgore ta yi wannan baƙin suna, Kamuku da Sambisa sun fi ta. Wanda aka sace wa ɗa ba za ka zo masa da lissafin ruwan ƙarƙashin ƙasa ba. Amma a duba da kyau, ba itatuwa ne suka kawo ɓarayi ba, rashin hukuma ne. Dajin da aka bar wa 'yan tsirarun ma'aikata, ba abin hawa, ba kayan sadarwa, albashi ba ya isa, dole wani ya gaje shi. Kuma abin da ya sa aka bar shi haka shi ne wancan lissafi na kuɗin ƙofa, wanda ya nuna ba shi da amfanin da za a kashe masa kuɗi. Rashin sanin darajarsa ne ya jawo sakaci, sakaci ya jawo ɓarayi, yanzu kuma ana kafa hujja da ɓarayin a ce a share shi.

Ƙorafi na biyu ya fi damuna. Mutanen da ke zaune a bakin gandun daji su ne ke ɗaukar nauyin keɓe shi. Su aka hana kiwo da saran itace da farauta a inda kakanninsu suka yi, su ake kamawa a ci tara, alhali manyan motocin itace da gawayi na fita zuwa birni da rana tsaka. Amfanin kuma mafi yawansa yana tafiya ga wanda ke nesa, mai famfo a Kano ko mai cin bandar kifi a Legas. Muddin haka abin yake, duk wa'azin kare muhalli a kunnen mutumin Baturiya zai zama maganar masu ƙoshi. Keɓe wuri don amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muna da hurumi da burtali da mashaya, muna da sarkin ruwa da ke rufe tafki ya hana kama kifi har sai ranar da aka buɗe, kamar yadda bikin kamun kifi na Bade a Gogaram ke tuna mana. A Musulunci ma an san filin da Manzon Allah (SAW) ya keɓe a Naƙi'i kusa da Madina, da wanda Sayyidina Umar ya keɓe a Rabaza. Bambancin shi ne a waɗancan tsare-tsare, wanda aka hana yau ya san shi ne zai ci gobe.

A nan ne lissafin kuɗi ke da amfani, domin shi ke nuna wa zai biya wa. Birnin New York na Amurka ya fuskanci zaɓi a shekarun 1990: ko ya gina matatar ruwa ta dala biliyan 6 zuwa 8, ko ya kare tsaunukan Catskill inda ruwansa ke fitowa. A 1997 ya ƙulla yarjejeniya da garuruwa da manoman yankin, ya kashe abin da bai kai biliyan 2 ba wajen sayen filaye da biyan manoma su gyara yadda suke aiki. A wannan shekarar ce kuma ƙasar Kosta Rika ta fara biyan masu filaye kuɗi don su bar itatuwansu a tsaye, daga wani kaso na harajin man fetur, kuma dajinta da ya kusa ƙarewa ya dawo ya rufe fiye da rabin ƙasar. Ba tausayin tsuntsu ne ya sa su ba. Sun zauna sun yi lissafi ne suka ga wanne ya fi araha.

Mu ma ba kayan aiki muka rasa ba. Akwai Asusun Kula da Muhalli da ake cirewa daga asusun tarayya tun 1981. Akwai asusun amana na kwarin Hadeja-Jama'are-Komadugu-Yobe da jihohin Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi da Filato suka kafa tare da gwamnatin tarayya a 2006. Akwai shirin ACReSAL na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Abin da ya rage shi ne a ɗaura kuɗin a inda aikin yake. Wani ɗan kaso na kuɗin ruwan da ake karɓa a Kano da na ban ruwa a Kura ya kamata ya koma Falgore kai tsaye, a ɗauki 'ya'yan Doguwa da Tudun Wada aikin tsaro da dashe, a biya su a kan lokaci. Ƙauyukan da ke kewaye da Baturiya da Dagona a ba su haƙƙi rubutacce na yankan kaba da kamun kifi da kiwo a lokutan da aka yarda, da kaso sananne daga duk abin da gandun ya samu, sarakunan ruwa da ardo-ardo su zauna a teburin da ake yanke shawara. Ɗaga wuri zuwa gandun daji na ƙasa ba zai tsinana komai ba idan allon bakin hanya kawai aka canza. Jami'o'inmu na Kano da Dutse da Gashuwa kuma su sake yin lissafin Barbier da farashin yau, su haɗa da kiwo da ruwan rijiya da kuɗin yaƙi da kachala, a fitar da shi da Hausa yadda ɗan majalisa da mai unguwa za su karanta.

Mafi girman biyan da dausayi ke bukata ba naira ba ce, ruwa ne. Ya kamata Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are ta sa sakin ruwan damina cikin ƙa'idar tafiyar da Tiga da Challawa, da lokaci sananne da sanarwa tun da wuri, ta kuma bar mashigai su sha iska da rani.

Sai batun Kafin Zaki. Tun shekarun 1970 ake ta da maganar wannan madatsa a kan Kogin Jama'are ana kwantar da ita, kuma mutanen Bauchi na da haƙƙin neman abin da zai bunƙasa nomansu. Amma Jama'are shi ne babban kogin da ya rage ba a tare ba, kuma yanzu shi ke kai mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa, ya bi Komadugu Yobe ya wuce Geidam, ya shayar da masu noman tattasai na Diffa a Jamhuriyar Nijar kafin ya kai Tafkin Chadi. Ina kira ga gwamnonin Bauchi da Jigawa da Yobe da Borno, da 'yan majalisar da ke wakiltar waɗannan garuruwa: kafin a zuba buhun siminti ɗaya a Kafin Zaki, a kawo lissafin abin da masunci da makiyayi da manomin fadama za su rasa, a ajiye shi kusa da na abin da za a samu, a karanta wa jama'a duka biyun a bainar su.